Kwana Da Giwa: Yadda Mutanen Kanada Da Sauran Duniya Ke Kallon Zaɓen Shugaban Amurka

Kowace shekara huɗu, ran Talatar da ta biyo bayan Litinin ta farko a watan Nuwamba, mutanen Amurka sukan fita su zaɓi shugaban ƙasarsu. Su ne masu ƙuri'a, amma ba su kaɗai ke kwana ido biyu a wannan daren ba. Daga Landan zuwa Nairobi, daga Birnin Meziko zuwa Jos da Kaduna, mutane sukan kasa kunne ga rediyo, su zuba wa talabijin ido, suna jiran sakamakon zaɓen da ba su da ta cewa a cikinsa, alhali kuwa zai taɓa farashin kayansu, da maganin asibitinsu, wani lokaci ma har da zaman lafiyarsu.

A cikin dukan 'yan kallon nan babu wanda ya kai mutumin Kanada kusa da fage. Masu karatu da yawa sun san sunan ƙasar ta wurin tarihin ikilisiya, gama biyu daga cikin samari ukun da suka sauka Legas a 1893 suka kafa mishan ɗin SIM, wato Walter Gowans da Rowland Bingham, daga Kanada suka taso, na ukunsu kuwa, Thomas Kent, Ba'amurke ne. A yau za mu duba yadda mutanen wannan ƙasa suke ganin siyasar babban maƙwabcinsu, sa'an nan mu leƙa sauran ƙasashe, har mu iso gida.

Maƙwabtaka ta dole

Iyakar da ke tsakanin Kanada da Amurka ta kai kilomita 8,891, ita ce mafi tsawo tsakanin ƙasashe biyu a duniya. Mutanen Kanada sun haura miliyan 40 kaɗan, na Amurka kuwa wajen miliyan 340 ne. Saboda tsananin sanyin arewacin ƙasar, kimanin mutum biyu cikin uku na Kanada suna zaune ne a tazarar da ba ta wuce kilomita 100 daga iyakar kudu ba. Yawancinsu Turanci suke yi, tashoshin talabijin na Amurka kuma suna shiga ɗakunansu kamar na gida. Don haka muhawarar 'yan takarar Amurka takan iske mutumin Toronto a lokaci guda da mutumin Chicago.

Ga kuma batun abinci. Shekara da shekaru, kusan kashi uku cikin huɗu na kayan da Kanada ke sayarwa waje Amurka suke tafiya: ɗanyen mai, katako, motoci, ƙarafa da kayan gona. Garin Windsor na lardin Ontario yana fuskantar birnin Detroit na jihar Michigan, kogi kaɗai ya raba su. Kayan haɗa mota ɗaya sukan ƙetare wannan kogi sau da dama kafin motar ta kammala. Ma'aikacin masana'anta a Windsor yana iya tsayawa bakin ruwa ya hango gidajen mutanen da ƙuri'arsu za ta yanke ko aikinsa zai ɗore, shi kuwa ba shi da ƙuri'a ko ɗaya.

Firayim Minista Pierre Trudeau ya kwatanta wannan zama a gaban 'yan jarida a Washington a 1969. Ya ce maƙwabtaka da Amurka kamar kwana kusa da giwa ne: kome kirkinta da sanyin halinta, duk motsin da ta yi sai ka ji shi a jikinka. Har yau mutanen Kanada suna maimaita wannan magana.

Tarihi ma ya bar nasa tabon. Bayan Amurka ta ƙwaci 'yancinta daga Ingila, dubban mutanen da suka ƙi juya wa Sarkin Ingila baya sun yi ƙaura zuwa arewa a wajejen 1783. A yaƙin da ya ɓarke a 1812 sojojin Amurka sun shiga Kanada, a 1813 suka ƙone gine-ginen gwamnati a garin York, wanda ya zama Toronto. Tsoron kada Amurka ta haɗiye su yana cikin dalilan da suka sa lardunan suka haɗu suka zama ƙasa ɗaya a 1867.

Abubuwan da ke ba su mamaki

Idan ka tambayi mutumin Kanada abin da ya fi ɗaure masa kai game da zaɓen Amurka, abu na farko da zai ambata shi ne tsawon yaƙin neman zaɓe. A Kanada doka ta ce kada ya gaza kwana 37, kada kuma ya wuce 51. Na 2015, wanda aka yi kafin a sa wannan iyaka ta sama, ya kai kwana 78, jama'a suka yi ta ƙorafi cewa ya yi tsawo. A Amurka kuwa Donald Trump ya bayyana takararsa ta zaɓen 2024 tun watan Nuwamba na 2022, wato kusan shekara biyu kafin ranar ƙuri'a.

Na biyu shi ne kuɗi. An ƙiyasta cewa zaɓen shugaban ƙasa da na 'yan majalisar tarayya a 2020 ya lashe dala biliyan 14. Tun da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Citizens United a 2010, kamfanoni da ƙungiyoyi suka sami damar kashe kuɗi ba iyaka wajen tallata ɗan takara ko ɓata shi, muddin ba hannu da hannu suka ba shi ba. A Kanada an hana kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago ba jam'iyyun tarayya gudummawa tun 2007, abin da mutum ɗaya zai iya bai wa jam'iyya a shekara kuma bai kai dalar Kanada 2,000 ba.

Na uku shi ne yadda ake ƙirga nasara. A Amurka ba yawan ƙuri'un jama'a na ƙasa baki ɗaya ke ba da kujera ba. Kowace jiha tana da adadin wakilai gwargwadon kujerunta a majalisa, jimillarsu 538, wanda ya sami 270 shi ne shugaba. In ban da Maine da Nebraska, duk wanda ya zo na ɗaya a jiha, ko da tazarar ƙuri'a guda ce, shi ke kwashe wakilanta duka. Ta haka ne a 2000 Al Gore ya fi George W. Bush ƙuri'u sama da rabin miliyan, amma ya faɗi saboda tazarar ƙuri'u 537 a Florida. A 2016 ma Hillary Clinton ta ɗara Trump da ƙuri'u kusan miliyan 3, Trump ne ya shiga fadar White House. Sakamakon wannan tsari shi ne 'yan takara sukan tattara ƙarfinsu a 'yan jihohin da ba a san maci tuwo ba. A 2024 guda bakwai ne: Pennsylvania, Michigan, Wisconsin, Georgia, North Carolina, Arizona da Nevada.

Mai karatu zai tuna cewa sa'ad da Najeriya ta aro tsarin shugaba mai cikakken iko daga Amurka a tsarin mulkin 1979, ba ta ɗauko wannan ƙa'ida ta wakilai ba. Ta kafa tata, wato mafi yawan ƙuri'u tare da kashi 25 cikin 100 a kashi biyu cikin uku na jihohi, ita ma kuwa sai da ta kai Shehu Shagari da Obafemi Awolowo gaban Kotun Ƙoli a wannan shekarar.

Sai dai Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mutanen Kanada ba sa zaɓen Firayim Minista kai tsaye, ɗan majalisar mazaɓarsu suke zaɓa, jam'iyyar da ta iya riƙe majalisa ita ke kafa gwamnati. A 2019 jam'iyyar Conservative ta fi Liberal yawan ƙuri'u a faɗin ƙasa, amma ta sami kujeru 121, Liberal ta Justin Trudeau ta sami 157 ta ci gaba da mulki. Haka aka sake yi a 2021. Inda suke da abin tinƙaho na gaske shi ne gudanar da zaɓe: hukuma ɗaya ce mai zaman kanta, wadda asalinta ya koma 1920, ƙuri'ar takarda ce, da hannu ake ƙirgawa a gaban wakilan jam'iyyu. A Amurka kowace jiha da ƙananan hukumominta ke shirya nasu, sau da yawa kuma jami'an da ke kula da zaɓen 'yan jam'iyya ne. Shi ya sa ran 6 ga Janairu 2021, sa'ad da magoya bayan Trump suka kutsa cikin ginin majalisa don hana tabbatar da nasarar Joe Biden, mutanen Kanada suka kalli abin kamar gobara a gidan da katanga ɗaya ta raba su.

Addini a bakin ɗan takara

Wani bambanci da zai ja hankalin masu karanta wannan shafi shi ne matsayin addini. Tsarin mulkin Amurka bai ambaci sunan Allah a matsayin tushen iko ba, ya kuma hana a gindaya sharaɗin addini ga mai neman muƙami. Duk da haka da wuya ɗan takara ya gama jawabi bai roƙa wa Amurka albarka ba. A 1960 sai da John Kennedy ya tsaya gaban taron fastoci a Houston ya tabbatar musu cewa zamansa ɗan Katolika ba zai sa ya karɓi umarni daga Paparoma ba. Jimmy Carter, malamin makarantar Lahadi a majami'ar Baptis, ya yi takarar 1976 yana faɗa a fili cewa an sake haifuwarsa. A 2016 kimanin takwas cikin goma na fararen fata 'yan ikilisiyoyin bishara Trump suka zaɓa, galibi saboda alkawarin naɗa alƙalan da ke adawa da zubar da ciki. Ya naɗa uku a Kotun Ƙoli, a watan Yunin 2022 kuma kotun ta soke hukuncin 1973 da ya halatta abin a duk ƙasar.

A Kanada al'amarin ya juya. Gabatarwar kundin 'yancin jama'a na 1982 ta ambaci fifikon Allah, lardin Ontario kuma yana biyan kuɗin makarantun Katolika daga baitulmali. Ƙasar ta yi Firayim Minista ɗan Katolika tun 1892. Amma ɗan siyasar da ya cika zancen bangaskiyarsa a dandalin kamfe yakan sha kallon zargi. A zaɓen 2000 abokan hamayya sun mai da Stockwell Day, shugaban jam'iyyar Canadian Alliance, abin dariya a talabijin saboda ra'ayinsa game da halittar duniya. Ƙidayar 2021 ta nuna cewa kashi 53 cikin 100 na jama'ar ƙasar Kirista ne, sama da kashi ɗaya cikin uku kuma sun ce ba su da addini.

Wannan bai nuna cewa bangaskiya ba ta taɓa siyasar Kanada ba. Mutumin da ake kira uban tsarin kiwon lafiya na kyauta, Tommy Douglas, faston Baptis ne kafin ya zama firimiyan lardin Saskatchewan. Shi ya fara inshorar asibiti ta gwamnati a 1947, daga baya tsarin ya game ƙasar. Yau mutumin Kanada yakan shiga asibiti ya nuna kati, ba a tambayarsa kuɗi. Don haka rigimar da aka tafka a Amurka kan dokar lafiya ta Barack Obama a 2010, wadda ba ta ma kai tasu nisa ba, ta ba da yawa daga cikinsu mamaki. Haka ma batun bindigogi, wanda a Amurka 'yanci ne da tsarin mulki ya kare, a Kanada kuwa sai da lasisi da horo.

Wanda suke so da wanda ke amfaninsu

Tun shekaru da dama, duk lokacin da aka tambayi mutanen Kanada wa za su zaɓa da suna da dama, ɗan jam'iyyar Democrat ne ke yin rinjaye da tazara mai faɗi. A 2024 ƙuri'un jin ra'ayi sun nuna kimanin shida cikin goma suna bayan Kamala Harris, wadda ta yi makarantar sakandare a Montreal ta gama a 1981, biyu cikin goma kuma suna bayan Trump. Cibiyar bincike ta Pew ta gano cewa kashi 83 cikin 100 na mutanen Kanada sun amince da Obama a 2016, amma a 2017 kashi 22 kaɗai suka amince da Trump. A daren zaɓen 2016 shafin intanet na ma'aikatar shige da ficen Kanada ya tsaya cak saboda cunkoson masu neman bayani. Waɗanda suka tattara kayansu da gaske ba su da yawa, ba kamar zamanin yaƙin Biyetnam ba, lokacin da dubun-dubatar samarin Amurka suka tsallaka arewa don guje wa aikin soja na dole.

To, amma an ce son maso wani ƙoshin wahala. Tarihi ya koya wa Kanada cewa ƙaunar da take yi wa wani shugaba ba ta hana shi yin abin da masu zaɓensa ke so. Kennedy, wanda jama'ar Kanada suka tarbe shi da murna a 1961, bai jitu da Firayim Minista John Diefenbaker ba. A watan Janairun 1963 ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta fitar da sanarwa tana ƙaryata Diefenbaker kan batun makaman nukiliya, cikin 'yan kwanaki gwamnatinsa ta faɗi a majalisa, Lester Pearson ya ci zaɓen da ya biyo baya. Shi ma Pearson bai tsira ba. A 1965 ya yi jawabi a Philadelphia yana ba da shawarar a dakatar da ruwan bama-bamai a Biyetnam ta Arewa, washegari Shugaba Lyndon Johnson ya balbale shi da faɗa a Camp David, har an ruwaito cewa ya cakumi kwalar rigarsa.

Obama ya zaɓi Ottawa ta zama ziyararsa ta farko zuwa waje a watan Fabrairun 2009, jama'a suka yi cincirindo cikin ƙanƙara don su gan shi. Shi ne kuma a 2015 ya ƙi amincewa da bututun mai na Keystone XL, wanda zai ɗauki ɗanyen mai daga lardin Alberta zuwa Amurka. Trump ya farfaɗo da aikin a 2017, Biden ya soke lasisin a ranarsa ta farko a ofis a 2021, gwamnatin Alberta ta yi asarar sama da dalar Kanada biliyan ɗaya. Shi ya sa ma'aikacin rijiyar mai a Alberta ba ya kallon jam'iyyar Democrat da idon da malamin jami'a a Toronto ke kallonta. Rigimar harajin katako kuwa, wadda ta faro a farkon shekarun 1980, babu jam'iyyar da ta hau mulki ta kashe ta.

A ɗaya ɓangaren, da Ronald Reagan na jam'iyyar Republican ne Brian Mulroney ya ƙulla yarjejeniyar ciniki ba shinge, wadda ta raba kan Kanada a zaɓen 1988, ta fara aiki a 1989. Richard Nixon, shi ma ɗan Republican, ya ƙaƙaba ƙarin harajin kashi 10 cikin 100 kan kayan da ke shiga Amurka a 1971, ya kuma ƙi tsame Kanada. A 2003 Jean Chrétien ya ƙi tura sojoji yaƙin Iraƙi na George W. Bush, ko da yake sojojin Kanada 158 sun rasa rayukansu a Afganistan, a yaƙin da suka shiga don taya Amurka.

Shekarar da giwa ta juya

A 1911 Firayim Minista Wilfrid Laurier ya cimma yarjejeniyar rage harajin fito da Amurka. Sai wani jigo a Majalisar Wakilan Amurka, Champ Clark, ya miƙe ya ce yana goyon bayanta domin yana fatan ganin ranar da tutar Amurka za ta kaɗa a kan dukan ƙasar da ke arewa. Maganar ta bazu a Kanada kamar wutar daji, Laurier ya faɗi zaɓe bayan shekara 15 yana mulki.

Bayan shekara 114 tarihi ya maimaita kansa. Da Trump ya ci zaɓen Nuwamban 2024 da wakilai 312, Harris na da 226, sai ya yi barazanar sa harajin kashi 25 cikin 100 kan kayan Kanada. Ya shiga kiran ƙasar jiha ta 51, yana kiran Justin Trudeau gwamna. A lokacin jama'a sun riga sun gaji da gwamnatin Liberal saboda tsadar gidaje da ta abinci. A farkon Janairun 2025 jam'iyyar Conservative ta Pierre Poilievre tana gaba da tazarar fiye da maki 20 a ƙuri'un jin ra'ayi, Trudeau kuma ya sanar da cewa zai sauka.

Cikin makonni kaɗan kallo ya koma sama. 'Yan kallo suka riƙa yi wa taken Amurka ihu a filayen wasan hoki. Masu sayayya suka shiga duba jikin kaya suna ajiye na Amurka. Larduna da dama suka kwashe barasar Amurka daga shagunan gwamnati, tafiye-tafiye zuwa kudu suka ragu ƙwarai. Harajin ya fara aiki a watan Maris, ko da yake an sassauta wa kayan da yarjejeniyar ciniki ta ƙasashen Amurka ta Arewa ta shafa. Liberal ta ɗauko Mark Carney, tsohon gwamnan babban bankin Kanada da na Ingila, wanda bai taɓa tsayawa takara ba, ya gina kamfe ɗinsa a kan tambaya guda: wa zai iya tunkarar Trump? Ran 28 ga Afrilu 2025 Liberal ta sami kujeru 169 cikin 343, ta kafa gwamnati. Poilievre ya rasa kujerarsa ta Carleton da ya riƙe tun 2004, sai a watan Agusta ya koma majalisa ta zaɓen cike gurbi a Alberta. Da Carney ya ziyarci White House a watan Mayu, ya gaya wa mai masaukinsa a gaban 'yan jarida cewa Kanada ba ta sayarwa ba ce.

Ke nan mutanen da ba su jefa ƙuri'a ko ɗaya a zaɓen Amurka ba, sun wayi gari zaɓen Amurka ne ya shata musu abin da za su yi muhawara a kai a nasu zaɓen. Kwana biyar bayan haka, a Ostareliya, Peter Dutton, wanda abokan hamayya suka jingina shi da salon Trump, ya faɗi zaɓe ya kuma rasa kujerarsa.

Sauran 'yan kallo

A Turai ta Yamma ra'ayi ya yi kama da na Kanada. A watan Yulin 2008 wajen mutum 200,000 suka taru a Balin don sauraron Obama tun yana ɗan takara. Binciken Pew ya nuna amincewar Jamusawa da shugaban Amurka ta faɗo daga kashi 86 a ƙarshen mulkin Obama zuwa 11 a 2017. A cikin ƙasashe 37 da aka tambaya a wannan shekarar, Rasha da Isra'ila ne kaɗai suka fifita Trump a kan Obama. Damuwar Turawa ita ce tsaro da ɗorewar alkawari. Amurka ta sa hannu a yarjejeniyar sauyin yanayi ta Paris a zamanin Obama, Trump ya fitar da ita, Biden ya mayar, Trump ya sake ba da umarnin fita a Janairun 2025. Yarjejeniyar nukiliyar Iran ta 2015 ma Trump ya yi watsi da ita a 2018. Ƙasashe sun fara tambaya ko sa hannun Amurka yana wuce shekara huɗu.

Meziko, maƙwabciyar kudu, ta fi kowa jin zafi. A daren zaɓen 2016 kuɗinta, peso, ya faɗi warwas zuwa matsayin da bai taɓa kaiwa ba, tun kafin a gama ƙirga ƙuri'u. Kenya kuwa ta ba da hutun kwana ɗaya a Nuwamban 2008 don murnar nasarar Obama, ɗan wani mutumin ƙasar.

Akwai waɗanda suka gwada sa baki. A 2004 jaridar Guardian ta Ingila ta sa dubban masu karatunta rubuta wasiƙu zuwa ga masu zaɓe a gundumar Clark ta jihar Ohio, galibi suna roƙonsu kada su sake zaɓen Bush. Amsoshin da suka dawo cike suke da fushi, suna cewa baƙo ya ji da nasa. Gundumar, wadda Gore ya ci da ƙyar a 2000, sai ta koma hannun Bush. Dokar Amurka ma ta hana baƙo ba ɗan takara gudummawar kuɗi. Ɗan kallo dai ɗan kallo ne.

Mu a nan gida

Najeriya ta sha bamban da Kanada. A binciken Pew na 2025 tana cikin ƙasashen da suka fi amincewa da Trump, da sama da kashi 70 cikin 100, ita da Kenya. A majami'unmu dalilin ba ɓoyayye ba ne. Sa'ad da Shugaba Muhammadu Buhari ya ziyarci White House a Afrilun 2018, Trump ya tayar da batun kisan Kirista a gaban 'yan jarida. Gwamnatinsa ta amince da sayar wa Najeriya jiragen yaƙi 12 samfurin Super Tucano, bayan cinikin ya tsaya a zamanin Obama. A Disambar 2020 ta sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da ake damuwa da su kan 'yancin addini, gwamnatin Biden ta cire ta a Nuwamban 2021, Trump ya mayar da ita a ƙarshen Oktoban 2025. Ga wanda ya binne 'yan'uwansa, jin wani babba daga nesa ya ambaci kukansa ba ƙaramin abu ba ne.

Amma ya kamata a karanta littafin har ƙarshe. Gwamnatin Trump ce a 2020 ta taƙaita wa 'yan Najeriya bizar zama a Amurka. Ita ce a 2017 ta sa Sudan, daga baya Chadi, cikin ƙasashen da aka hana mutanensu shiga, abin da ya sa maƙwabtanmu Musulmi da yawa suke kallonsa da wani ido dabam. A Janairun 2025 ta dakatar da taimakon ƙasashen waje, ta kuma rufe hukumar USAID a cikin shekarar, lamarin da ya girgiza asibitoci da dakunan shan magani a Afirka, har da na mishan. Shirin PEPFAR na yaƙi da cutar ƙanjamau, wanda George W. Bush ya kafa a 2003, aka kuma ƙiyasta ya ceci rayuka wajen miliyan 25, shi ma girgizar ta taɓa shi. Wanda ke karɓar magani kowane wata a Makurɗi ko Gombe ya ji motsin giwa kamar yadda ma'aikacin Windsor ya ji.

Abin da Kanada ta koya cikin shekaru fiye da 150 na wannan maƙwabtaka shi ne, shugaban Amurka na Amurkawa ne. Manomin Wisconsin da ma'aikacin Pennsylvania su suka ɗora shi, su zai fara dubawa, ko wace jam'iyya ce tasa. Don haka kowace gwamnati a Ottawa takan shirya wa nasarar kowane ɓangare tun kafin zaɓe, ta ƙulla zumunci da gwamnonin jihohi da 'yan majalisa na jam'iyyun biyu, ta kuma nemi sababbin kasuwanni. Jama'arta kuwa, da abin ya zo wuya a 2025, kusan kashi 69 cikin 100 na masu rajista suka fita suka yi amfani da ƙuri'ar da suke da ita.

Babu laifi mu bi labarin zaɓen Amurka, gama yana shafarmu. Laifin shi ne mu ɓata da maƙwabci ko abokin aiki a kan ɗan takarar da bai san da zamanmu ba, ko mu rataya begen gyaran ƙasarmu a kan ƙuri'ar mutumin Michigan, alhali tamu tana cikin aljihu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ne kuma zai hau ya gyara. Allah ya ba mu shugabanni nagari, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.